Alcide da Ƙyauren Iskar Gidan Yayarsa

A kwarin nan namu na Saint John, in ka ce Alcide Daigle ba wanda zai tambaye ka wanne. Shekara arba'in da shida ya yi yana sauka ɗakunan ƙarƙashin gidajen mutane, daga Frenchville har Fort Kent, yana gyara tukwanen da ke ƙona mai su ɗumama gida. Akwai gidajen da bai taɓa ganin falonsu ba, amma ya san yawan matakalar da ke gangarawa ƙasansu, har da wadda ke da rauni. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kuma kullum akwai gashin dinya guda ɗaya soke a gefen hularsa. Baƙi kan ɗauka ado ne. Kayan aiki ne, kuma ya fi yarda da shi a kan rabin abin da ke cikin akwatinsa.

Shi ne auta cikin 'ya'ya goma sha ɗaya na wani manomin dankali. Yana ɗan shekara biyar mahaifiyarsu ta rasu, renonsa ya faɗa hannun yayarsa Odile. Ita ta yi masa wanka, ita ta dake shi, ita ta riƙa jan kunnensa zuwa makaranta har shekarar da aka ba da hutun haƙar dankali ya ƙi komawa. Ya fara da jan tiyon motar mai cikin dusar ƙanƙara. Direban ya lura cewa ba ya barin ƙofar gida sai ya ɗaga kai ya dubi hayaƙin da ke fita ta saman rufi, ya ce, "Wutar gidan nan yunwa take ji," ko kuma, "Wannan mai ya yi mata yawa." Kafin mako ya zagayo sai ka ji masu gidan suna neman mai gyara. Daga nan aka sa shi koyon aikin.

Abin da ya fitar da sunansa kuwa bai fi faifai girma ba. Tsakanin tukunya da doguwar mafitar hayaƙi ta bulo akwai bututun ƙarfe, a jikin bututun kuma akwai wani ɗan zagayayyen ƙyaure mai lilo, da ɗan nauyi maƙale a jikinsa. Ƙyauren iska muke ce masa. Mafitar hayaƙi zuƙa take yi, zuƙar tata kuma ba ta da tsari. Ranar sanyi da iska sai ta zuƙa kamar za ta tsinke harshen wutar, ranar da gari ya yi lum sai ta yi kasala. Ƙyauren nan ne ke raba gardama. In zuƙar ta yi ƙarfi ya buɗe ya ba ta iskar ɗaki ta ƙoshi ta ƙyale wutar, in ta lafa ya rufe. Ba waya, ba batir, ba mai taɓa shi. Haka yake yini yana lilo yana 'yar ƙara, kas, kas. Har yau in na tsaya gabansa mamaki nake yi, yadda guntun gwangwani ke riƙe da iskar Janairu.

A wurin Alcide, inda aka kafa ƙyauren shi ne komai. Kusa da tukunya, kada ya wuce kamu biyu, a gaban 'yar hudar da ake auna zuƙa. Fuskarsa a tsaye cak, ƙusar da yake lilo a kanta a kwance sambal. Amma abin da ba ya gajiya da faɗa shi ne ɗaki. "Iskar da wuta ke shaƙa ita ƙyaure zai shaƙa," in ji shi. "In ka raba musu ɗaki, kowa labarinsa daban zai ba ka."

Mutanenmu kuwa Allah ya zuba musu tsimi. Mutum ya sauka ƙasa ya ga rami a bututu yana haɗiye masa iskar ɗumi, ai ba zai iya barci ba sai ya toshe shi. Alcide na da wani gwangwanin taba cike da abubuwan da ya ciro daga bakin ƙyauren mutane: maƙalin shanya, fil ɗin gashi, guntun waya, cokali mai yatsu, har da wani ɗan gicciye da ya samo a gidan limamin coci. Ba ya faɗa da kowa. Zai zare abin, ya jefa cikin gwangwanin, ya girgiza shi sau ɗaya a gaban mai gida. Manya-manyan manoma sun sha sunkuyar da kai gaban gwangwanin nan.

Rurin tukwane ne ya cinye masa kunne. Da farko ƙarar agogo ta ɓace, sai kukan tsuntsaye, sai kas-kas ɗin ƙyaure. Wannan na ƙarshe ya yi masa ciwo ƙwarai, ko da yake bai faɗa wa kowa ba. Na'urar da likita ya maƙala masa tana kawo masa murya in an dube shi an ɗaga harshe, ƙananan sauti kuwa sun tafi ke nan. Ya ajiye aiki yana da sittin da takwas, amma akwatin kayan bai taɓa sauka daga bayan motarsa ba.

Shekara uku bayan haka, da kaka, aka yi masa aiki a ƙugu. Wata uku ya yi a gidan jinya. Ranar Lahadin da ya fara tuƙi da kansa, cikin Janairu, gidan Odile ya nufa, can kan tudu inda ta yi shekara sittin tun tana amarya. Kafin ya buɗe ƙofar mota ya riga ya ga abin da bai so ba. Dusar ƙanƙarar da ke kan rufin ta yi baƙi-baƙi ta gefen kudu.

A ciki ya tarar da Paulette, 'yar Odile, ta zo daga Connecticut tare da mijinta Dwight. Tukunyar farfesun kaza na kan wuta, ana toya fanken gargajiyarmu da muke kira ploye, amma hotunan da ke bango duk an sauke su an jera cikin kwali.

"Kawu, sannu da ƙoƙari. Zauna nan," in ji Paulette, tana dubansa don ya ga bakinta. "Gara da ka zo yau. Gobe da safe za mu tafi da Mama."

"Ku tafi da ita ina?"

"Gidanmu. Mun gyara mata ɗaki. Babban akwatinta ma yana mota."

Ya juya ya dubi yayarsa. Odile, wadda tunda yake bai taɓa ganin an faɗi magana ta bar ta ta faɗi ƙasa ba, tana zaune tana gyara gefen ƙyallen tebur da yatsa. Shekararta tamanin da biyu. Mijinta na kwance a maƙabartar cocin da ake hangowa daga tagar kicin ɗin nan, kuma kowa ya san ta riga ta zaɓi wurinta a gefensa.

Paulette ba muguwa ba ce, tsoro ne ya cika ta. Sau uku wutar tukunyar ɗumama gidan ta mutu tun Disamba. A na ukun, maƙwabciya ce ta leƙo da hantsi ta samu Odile cikin kwat uku, ruwan da ke kofi a kan tebur ya daskare. Kamfanin mai ya turo mutum sau uku, da na'urarsa mai fitar da takarda, kowane zuwa ya share kunkunniya ya auna ya ce lafiya lau.

"Gida ya tsufa, Kawu, Mama ma ta tsufa. Ba zan zauna ina jiran ranar da za a buga mini waya ba."

"Waɗanne ranaku wutar ta mutu?"

"Oho, ranaku dai."

"Ranar da iskar arewa ta taso," in ji Odile, ba ta ɗago ba. "Duk ukun."

"Shi mai na'urar fa, yaushe yake zuwa?"

"Sai an buɗe hanya mana. Wa zai hau tudun nan ana iska?"

Alcide ya jawo kujera kusa da Odile, ya rage murya, ko kuma shi a ganinsa ya rage.

"Yaya, yana magana?"

Ta san abin da yake nufi. Shi ya kafa mata ƙyauren nan da hannunsa shekara talatin da suka wuce, daidai ƙarƙashin kicin, kuma ta sha yi masa tsiya cewa ya ajiye mata tsohuwa mai surutu a ƙasan gida.

"Tun kaka ban ji shi ba," ta ce. "Na ɗauka kunnena ne ya bi naka."

Ya miƙe ya ɗauki sandarsa.

"Kawu, ba kai ba matakala. Likita ya faɗa."

"Ƙugu ya faɗa wa, bai faɗa mini ba. Dwight, zo ka shige gaba, in na faɗo in samu abu mai laushi."

Matakala goma sha uku ce, ta huɗu na da rauni. Ya sauka ɗaya bayan ɗaya, gumi na keto masa. Da ya kai ƙasa sai ya ga ɗakin ya ragu. Inda a da fili ne guda, tukunya a wannan gefe, gangunan dankali a wancan, yanzu sabon bango ne na katako, an yi masa aiki mai kyau, ko allura ba za ta samu kafa ba.

"Ni na yi shi, cikin Agusta," in ji Dwight, da ɗan alfahari. Dogon mutum ne mai sanyin hali, yana son surukarsa tsakani da Allah. "Ɗumin tukunya na sa dankalin Mama tsiro tun kafin Maris. Na ce bari in raba su. Bututun ma ya yi tsatsa, na sake sabo."

Alcide ya ɗora tafin hannu a kan bututun, ya bi shi a hankali daga bayan tukunya har inda ya shige cikin bango. Sumul, ba ƙyaure. Ya tura ƙofar ɗakin dankalin, sanyi ya mare shi. Ga ƙyauren can sama da ganguna, dab da bulo, ya ɗan karkace, yana fuskantar tagar shan iskar dankali, wadda ke kallon arewa.

"Na ga yana shan iskar ɗumi ne, Kawu," in ji Dwight. "Na ce ga mai sanyi nan a banza, gara ya sha ita."

Duk kwarin nan ba manomin da zai ji wannan magana bai gyaɗa kai ba. Alcide ma sai da ya ɗan murmusa. Ya cire gashin dinya daga hularsa, ya riƙe shi da yatsu biyu a bakin tagar. Ko da yake a waje gari shiru yake, gashin ya kwanta ciki. Ya ja ƙofar ya bar 'yar kafa, ya kai gashin wurin. Nan take ya miƙe yana rawa, yana nuna ɗakin tukunya, kamar ana jansa da zare.

"Ka gani? Wutar nan numfashi take nema. Ina 'yar tagar da ke bayan tukunya?"

Suka duba. Tagar na nan, amma bayan ragarta duhu ne, ganye kore ya danne ta. Kowace Nuwamba muna jibge rassan itacen fir, wanda ganyensa ba ya zuba, a gindin gida mu bar dusar ƙanƙara ta rufe su, don kada sanyi ya shiga ta ƙasa. Shekara talatin Alcide ne ke yi wa yayarsa wannan aiki, kuma kullum yakan kwantar da guntun bututu cikin rassan daidai tagar nan, bai taɓa gaya wa kowa dalili ba. Bana yana kwance, maƙwabta suka yi, suka kuma yi shi da kyau. Tagar dankali kaɗai suka bari, don kowane yaro a nan ya san dankali na son iska.

"To ga abin da ke faruwa," in ji Alcide. "Wuta na ɗaki a toshe. Ƙyaure na wani ɗaki a buɗe. In iskar arewa ta shigo ta nan sai ta banke shi, ta cika mafita da sanyi, hayaƙi ya rasa hanya ya koma kan wuta ya shaƙe ta. In iska ta kwanta komai ya koma daidai, mai na'ura ya zo ya auna ranar lafiya. Bai yi ƙarya ba. Ƙofar nan ce bai buɗe ba."

Dwight ya jingina da bangon da ya gina. Fuskarsa ta yi fari.

"Ke nan ni na kusa kashe Mama."

"Ni ma da na yi shekara talatin ina ɓoye bututu cikin ganye ban faɗa ba, ai da hannuna a ciki. Je ka ɗauko akwatina a mota, ka zo da shebur."

Awa biyu suka yi. Dwight ya tone bakin tagar daga waje, ya kwance bututun, ya share kunkunniya har ya koma kamar maƙeri. Amma da aka zo kafa ƙyauren a wurinsa na da, kamu ɗaya da rabi daga tukunya, Alcide ya ce a ba shi wuri. Ya jingine sanda. Ya ɗora lebur, wannan ma'auni mai ɗigon ruwa, a kan ƙusar lilo, ya juya wuyan bututun kaɗan, ya sake dubawa, ya sake juyawa da abin da bai kai kaurin farce ba. Ya kunna wuta. Ya zura tsohon ma'aunin zuƙarsa a 'yar hudar, amma bai dube shi ba tukuna. Hannu ɗaya a kan bututu, ɗaya a kan ɗan nauyin, idonsa a rufe, yana murzawa a hankali. Dwight ya ce tunda yake bai taɓa ganin mutum ya saurari abu da tafin hannu haka ba. Da ya buɗe ido ya dubi ma'aunin, allurar na tsaye daidai inda ake so.

Da suka hau sama farfesun ya huce, an sake ɗumama shi. Rediyo ya ce iskar arewa na tafe kafin la'asar, mai ƙarfi.

"Na ji duk bayaninku," in ji Paulette. "Sau uku ana ce mini an gyara. In wutar nan ta mutu yau, gobe mu kama hanya, kuma ba wanda zai ƙara ce mini uffan."

"In ba ta mutu ba fa?" in ji Odile. Ita ce tambayar farko da ta yi a ranar.

Paulette ta tashi ta hau wanke kwanon da ta riga ta wanke.

Wajen ƙarfe uku iskar ta iso. Alcide bai ji ta ba, ganinta ya yi. Dusar ƙanƙara ta taso daga gonaki ta shafe cocin da maƙabartar, labule ya motsa ko da yake taga a rufe take. Ya cire takalmi ɗaya ya ɗora ƙafarsa a kan katakon daɓe. Ta nan yake jin rurin tukunyar, can ƙasa. Shi da ya yi shekara arba'in da shida bai taɓa shakkar aikin hannunsa ba, yau tsoro yake ji, don bai taɓa yin aikin da yayarsa za ta rasa gidanta in ya kuskure ba. Iska ta buga gidan har kofuna suka girgiza a kan kanta. Rurin bai canja ba. Ta sake bugawa. Bai canja ba.

Paulette ta ajiye tsumma ta sauka ƙasa ita kaɗai. Ta daɗe. Da ta dawo ta tsaya a bakin matakala, ta dube shi yadda take dubansa tana ƙarama in ya ciro mata kwabo daga bayan kunne.

"Kawu, kafin iskar ta taɓa taga yake buɗewa. Na tsaya na ƙirga. Na leƙa ta 'yar hudar kallo, harshen wutar ko gezau."

"Aikinsa ke nan."

"Guntun gwangwani fa."

"Guntun gwangwani a wurinsa."

Paulette ta zura kwat, ta ja hula, ta fita cikin iskar nan da ba a ganin mota daga ƙofa. Dwight ya yunƙura zai bi ta, Odile ta riƙe masa hannun riga. Can sai ga ta ta banko ƙofa da baya, tana jan babban akwatin, ƙanƙara har gira. Ta jingine shi a gindin matakalar sama.

"Zuwa bazara," ta ce tana haki. "In ya so mu gani. Kuma kullum da safe sai kin ɗaga waya, Mama, ko kina wanka."

"Na ji," in ji Odile. "Mayar mini da hotunana inda kika same su."

Sai kuma ta tsaya cak, ta karkata kai wajen daɓe. Alcide ya ga fuskarta ta saki, ya ga idonta ya kawo ruwa, ya san abin da take ji. Ya ƙura wa katakon ido kamar zai huda shi. Ba abin da ya iso kunnensa.

"Yaya," ya ce, "yana magana?"

Ba ta amsa da baki ba. Ta jawo hannunsa, wanda kunkunniya ta cika wa farce, ta kwantar da shi a kan tebur kamar yadda take yi in za ta yanke masa ƙumba yana yaro. Ta ɗora yatsa ɗaya a bayan hannun, ta jira. Sai ta taɓa shi sau biyu, kas, kas, irin na ƙyauren. Ta ɗan dakata, iska ta buga, ta sake taɓawa.

Haka suka zauna, Paulette na mayar da hotuna bango, Odile na ƙwanƙwasa masa bayan hannu, har shayin da ke gabansu ya huce.